Hadarin da Binta Ta Tafi Aunawa

Laraba da daddare, Old Trafford

Gungun hadarin da ya taso daga Arewa ya isa teku, muna jira mu ga ko zai rikiɗe ya zama guguwa. Ni na fara hango shi a kwamfuta, amma abokiyar aikina Binta ta jami'ar Birmingham aka tura tsibiran Cape Verde ta auna shi. Ɗazu ta kira ni, iska na kaɗawa a wayar: "Aisha, da kin ga sama a nan!" Na ce Allah ya sanya alheri, har da dariyata. Tuwona ya huce, ban taɓa ba.

Bayan isha na roƙi Allah hadarin ya watse, wai saboda mutanen tsallaken teku. Shi dai ya san zuciyata.