Ganyen Inabin Ummu Nizar

Bur Dubai, 11 ga Maris, 2018

Zuwa ga Gwaggo A'i,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki, ya mutanen gida? Maigidana Mubashir yana gaishe ki. Alhaji Mijinyawa ya gama lodin kayansa a kasuwar Al Ras, jibi zai taho Kano, shi ne na ba shi wannan takarda. Abin da ke cikinta na kasa faɗa a waya, don na san sai kin yi dariyar da maƙwabta za su leƙo.

Kin tuna Ummu Nizar, tsohuwar nan 'yar Siriya da ƙofarta ke kallon tamu, wadda ta yi jinyata lokacin da na yi ɓari? Duk ginin nan ba ni da kowa sai ita. To, a gabanta na yi abin kunya.

Ranar Juma'a ta kira ni cin abinci. Ta ajiye faranti cike da wasu abubuwa kamar yatsu, shinkafa da nama an naɗe a ganye. Ni kuwa ina ganin ganye sai na ce ai irin alalar ganye ce ko agidi. Na gyara zama ina warwarewa ɗaya bayan ɗaya, in cinye shinkafar, in tara ganyen a gefen faranti, har ina yaba mata da Larabcina na Islamiyya. Sai da na tara tsibi guda na ɗaga kai, na ga ita tana cin nata har da ganyen. Ta ce, "Ba daɗi, habibti?" Na ce, "Da daɗi mana!" Ta kwashe ganyen a tafin hannunta ta shige kicin.

Da na ba Mubashir labari ya dafe kai ya ce, "Zaituna, ganyen inabi ne! Ganyen shi ne abincin!" Nan take na tuna itacen da ke cikin tukunya a barandarta. Reshe ne ta taho da shi daga gidansu na garin Homs da yaƙi ya ci, kuma ganyensa ba ya wuce 'yan watanni zafin garin nan ya ƙone shi. Da yatsunta masu kumburi ta yini tana naɗa mini.

Tun ranar ban yarda mun haɗu ba. Ta buga ƙofa sau biyu, na yi lamo kamar ba kowa. Gwaggo, kunya za ta kashe ni.

Taki 'ya,
Zaituna

Kano, 29 ga Maris, 2018

Zuwa ga Zaituna,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Ki gai da maigidan naki.

Dariya kam na yi, sai da tari ya sarƙe ni. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Digiri biyu gare ki, amma ganye ya kayar da ke a gaban baƙi!

Sai dai na daina dariya da na zo ƙarshen takardar. Baƙo ai makaho ne ko da idonsa, ba wanda zai riƙe ki da maganar ganye. Abin da ba na yafe miki shi ne tsohuwa ta buga ƙofarki ki yi lamo. Matar da ta wanke miki zane ranar da ba uwa ba uba a kusa? A gidan wa kika koyi wannan? Ba a hannuna ba dai.

Ki tashi ki je. Ba sai kin tsara magana ba, ki ce ban sani ba, ki koya mini. Ga kuka da daddawa na ba Mijinyawa, ki yi mata miya ki kai, ita ma ta ga abin da ba ta san kansa ba, ku yi kunnen doki. Zumunta a ƙafa take, taku ma taku uku ne.

Allah ya yi miki albarka.
Gwaggonki A'i

Bur Dubai, 24 ga Afrilu, 2018

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin ki karanta. Saƙo ya iso, na gode. Ban je ba.

Na yi niyya, wallahi. Sai ranar Asabar na buɗe ƙofa na tarar da leda rataye a hannun ƙofar, cike da ɗanyen ganyen inabi, an jera shi a kan juna kamar sababbin takardu. Ba rubutu, ba komai. Maimakon in ƙwanƙwasa in yi godiya, sai zuciya ta ce mini: ki dafa da kanki, ki kai mata a faranti, ki wanke kanki gaba ɗaya.

Garin neman gira na rasa ido. Ban san ana tsoma ganyen a ruwan zafi ba, ina naɗewa yana yagewa. Na dafa shinkafar tukuna, na cika kowane ganye dam don kada a ce na yi rowa. Da ya tafasa kuma hannuna ya ƙi zama, na sa ludayi na juya kamar mai miya. Gwaggo, fate na sauke. Mubashir ya leƙa tukunyar ya ce, "Khalas, shi ke nan," ya fita sayen burodi.

Ba wannan ne ya sa ni kuka ba. Jiya Mubashir ya haɗu da Nizar, ɗan tsohuwar, a lif. Aikinsa ya ƙare, bizarsu ma za ta ƙare, tsakiyar watan gobe za su koma Turkiyya wajen 'yarta. Ashe ganyen bankwana ta tsinko mini, ni kuma na zuba shi a shara. Yanzu da wane ido zan dube ta?

'Yarki,
Zaituna

Kano, 2 ga Mayu, 2018

Zaituna,

Mun gaisa. Takardar nan gajera ce, don Mijinyawa yana tsaye a zaure.

Da idon da Allah ya ba ki za ki dube ta. Ke ba kunyarta kike ji ba, so kike ki shiga gidanta a matsayin gwana. Wannan ba kunya ba ce, girman kai ne ya yafa mayafi.

Kada ki dafa komai. Ki je hannu rabbana. In kika bari jirgi ya tashi da matar nan ba ku gana ba, kada ki ƙara rubuto mini, don ba zan sa tabarau in karanta ba.

A'i

Bur Dubai, 10 ga Mayu, 2018

Gwaggona,

Gaisuwa da fatan alheri. Na je, ranar da takardarki ta iso.

Ta buɗe, duk falon kwalaye ne. Na ce, "Khalti, innata, ban san ana cin ganyen ba. Wanda kika rataya mini ma na lalata." Ban ƙarasa ba ta ja ni ciki ta ce, "Yalla, maza wanke hannu."

Ta tsinko ɗan abin da ya rage a itacen, bai fi ashirin ba. Ashe abin ba wuya. A cire tsinken, a tsoma ganyen a tafasasshen ruwa har ya sauya launi, shi ke nan ya yi laushi. Shinkafa ɗanya ake sawa, a cakuɗa da tumatir da albasa da na'ana'a da ɗan niƙaƙƙen nama, ƙaramin cokali ɗaya kawai, don za ta kumbura. A shimfiɗa ganyen, gefen jijiya a sama, a lanƙwaso gefe da gefe a naɗe. A jera yankan dankali a gindin tukunya, a shirya su a matse, a kifa faranti a kai ya danne, a zuba ruwa da lemon tsami da man zaitun, a rage wuta. Sau biyu na kai hannu ga ludayi, sau biyu ta buge mini hannu tana cewa, "Shwaiya shwaiya, a hankali, bar shi!"

Muna jira ya nuna ta ce, "Kullum ina jin ki." Na ce, "Na'am?" Ta ce, "Kina fitowa sai ki cire takalmi ki wuce ƙofata a hankali. Ina tsaye a baya, hannuna a kan makulli."

Gwaggo, wannan ban taɓa faɗa miki ba, ko Mubashir bai sani ba. Wata biyu ina saɗaɗawa da takalmi a hannu kamar ɓarauniya. Na ce, "Me ya hana ki buɗewa?" Ta ce kunya. Wai a garinsu babban abin kunya ne ka sa wa baƙo abin da zai tsittsince, ta ɗauka ƙyamar girkinta na yi, ba ta so ta ƙara takura mini.

Waɗanda na naɗe duk sun karkace, biyu sun fashe. Su ta zaɓa ta ci.

Taki,
Zaituna

Bur Dubai, 16 ga Mayu, 2018

Gwaggo,

Ina gaisuwa, Allah ya kai mu azumi lafiya.

Sun tashi jiya da hantsi. Kwana bakwai muka samu, kullum ina can muna ɗaure kaya. A bakin mota ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Da kin zo da wuri, 'yata. Akwai abubuwa da yawa da na so in koya miki."

Na tsaya ina kallon motar har ta ɓace. Ki yi mini addu'a.

'Yarki,
Zaituna