Sauron da Ya Ƙi Mutuwa

Litinin, 4 ga Agusta
Sauro tamanin na feɗe yau. In tsinke kai da allura, in ja jakar yawu, in duba a madubin ƙara girma. Tara na ɗauke da ƙwayar zazzaɓi. Kafin feshi uku nake samu. Kuma daga ɗakunan da ƙungiyar Yaya ta fesa aka kamo su.

Laraba, 6 ga Agusta
Na zuba ashirin a kwalbar da na shafe da maganin feshin. Bayan awa guda, sha huɗu na shawagi abinsu. Na kai wa Shugaban wurin aikinmu takardar sakamakon, ko zama bai ce in yi ba. "Ki sake, hannunki ne." Hannuna! Shekara bakwai ina wannan aiki.

Alhamis, 7 ga Agusta
Yaya ya biyo yana warin magani. "Sarauniyar mahauta, nawa kika yanka yau?" Na yi dariya, ban gaya masa ba. Gobe suna layin bayan kasuwa.

Juma'a, 8 ga Agusta
Direban su Yaya ne ya ba ni labari. Wani mai walda, 'yarsa ta rasu da zazzaɓi makon jiya. Yana ganinsu ya fito da rodi. Ya maka wa Yaya ɗaya a haƙarƙari, ɗaya a muƙamuƙi. Yaya ya faɗi, mutane suka rufe shi da duwatsu. Mutumin ya fizge famfon feshin, ya danne shi da gwiwa, ya fesa masa a fuska. "Sha! In magani ne, sha!"
Haƙoran Yaya huɗu sun zube. Rigarsa na cikin bokiti, na kasa wankewa.

Asabar, 9 ga Agusta
Idon hagu ya tafi, in ji likita. Umma ba ta yi kuka ba, ƙafarsa kawai ta riƙe.
Na wuce wurin aiki, na zura hannu a kejin sauro na murje su duka. Jini har tsintsiyar hannu. Ina ma wuyan mai waldan nan na samu.

Talata, 12 ga Agusta
Na je ofishin 'yan sanda, inda aka tsare mai waldan, don in tofa masa yawu. Sun riga ni, fuskarsa kamar ba ta mutum ba. Ta bayan ƙarfe ya dube ni.
"Sau biyu suka fesa ɗakin, Malama. Suka ce mun tsira. Shekararta huɗu."
Yawun na haɗiye.

Juma'a, 15 ga Agusta
An ɗaure wa Yaya baki da waya, sai rubutu. Ya rubuta: "Maganin na kashe su?" Na girgiza kai. "Tun yaushe?" Na ce tun Laraba. Ya juya wa bango fuska.
Na tura takardar babban ofis, ban bi ta hannun Shugaba ba. Ya kore ni in ya so.
Mutumin nan ban yafe masa ba, kada ma a yi zancen. Sai dai ɗazu, ina yi wa Yaya addu'a, na ji bakina ya sa yarinyar. Ko sunanta ban sani ba.