Dalma a Garkata

Litinin, 6 Nuwamba 2023
Najiba ta zo daga Mayahi da takardar labo, wato ɗakin gwaji. Ƙasar garkata da ta aika Yamai ce. Wai akwai gubar dalma a ciki, fiye da ƙima, har cikin ganyen salati. Ta ce daga sharar gari ne da nike zubawa, tsoffin pil na tocila da batir da ke ruɓewa ciki. Shekara tara ina zuba sharar nan, tun da na bar koyarwa. Na ce mata takarda ba ta noma. Ɗiyata ce, amma ma'aikaciyar gona ce, na sani.

Talata, 7 Nuwamba
Ban ci tuwo ba. Jikata Ikram nike tunani. Shekarunta biyu, kullum tana garka tare da kakarta, tana kai ƙasa baki.

Juma'a, 24 Nuwamba
An ɗebi jinin Ikram a Maradi. Yaya Abdussalamu ya ce in saida wurin in huta. In saida ma wa? Wanda ya saya shi ma ya ci da iyalinshi ke nan. Kuma wurin Baba ne.

Asabar, 2 Disamba
Mun gina rami, ni da Najiba. Karan hatsi, ɓawon gyaɗa, a cinna wuta daga sama, a riƙa ƙarawa, kafin ya zama toka a kashe da ruwa. Gawayi dai. Matata Zulfa ta tsaya tana kallon karan tumakinta na ci da wuta, ta ce, "Malam, bana kai za ka yi masu bayani."
Na tambayi Najiba ko gawayin zai cire dalmar. Ta ce, "A'a Baba, ba ya cirewa. Riƙe ta yake, saiwa ta rage sha." Na so ta ce mini eh. Amma da ta ce eh, da ban yarda ba.

Laraba, 13 Disamba
An daka gawayin, an cuɗa da kashin tumaki, ya kwana goma, yau mun turbuɗe. Fangali huɗu na gwaji, biyu babu gawayi. Bana ba salati sai na gwajin nan, sauran tumatir. An kwashe tulin sharar. Bayana kamar ya karye.

Alhamis, 21 Disamba
Sakamakon Ikram ya fito. Likita ya ce akwai kaɗan, bai kai na magani ba, a nisanta ta da wurin, a sake awo bayan wata shida. Na fita waje na zauna. Na daɗe. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 21 Janairu 2024
Fangalin gawayi ba ya saurin bushewa. Ban-ruwa sau ɗaya ya isa, wancan sai biyu. Ban gaya ma kowa ba tukuna.

Alhamis, 7 Maris
Najiba ta kira ina tasha. Dalmar ganyen fangalin gawayi ta ragu sosai, ba ta ƙare ba. Ta ce tumatir za a iya ci, a wanke da kyau. Salati sai an ƙara gawayi baɗi an sake awo. Na ce to. Na ce, Allah shi yi miki albarka. Sai ta ce layin ba shi da kyau, in sake faɗa. Na sake.

Talata, 16 Afrilu
Rabilu maƙwabcin garkata ya leƙo ramin da safe. Da shi da mutum biyar nan bakin tabki, ni na koya masu zuba shara, har ina yi masu lacca kamar ina cikin aji a lakkwal. Na yi niyyar in ce mashi gawayi na riƙe ruwa, in tsaya nan. Sai na ji bakina yana cewa, "Rabilu, abin da na koya maku akwai cuta ciki. Kawo ƙasarka a auna."
Ya daɗe yana dubana. Ya ce ƴaƴanshi ma suna ci.
Na ce na sani. Gobe ni zan bi sauran biyar ɗin, gida gida. Ba wani abu ba ne, dama ina da lokaci.