Na Ɗinke Igiyar Na'urar Numfashina, Yanzu An Hana Ni Jikata

Anti, don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta har ƙarshe ko da na yi ta zuba. Ba ni da wanda zan faɗa wa wannan.

Ni tela ce, shekarata hamsin da uku. Shekara shida ke nan ina kwana da na'urar nan mai hura iska a hanci, saboda numfashina yana ɗaukewa cikin barci. Likita ya ce ƙiba ce ta jawo. Wata tara da suka wuce aka yi min tiyatar rage tumbi. Burina a lokacin in rabu da na'ura, in iya goya jika ba tare da haki ba. 'Yata ta fari tana da ciki, mun kuma yi da ita in ta koma aiki, a shagona jaririn zai riƙa wuni.

Na rame, Anti, har maƙwabta ba sa gane ni ta baya. Duk rigunana da hannuna na rage su. Sai takunkumin na'urar shi ma ya yi min yawa, tunda kumatun da yake zama a kai sun tafi. Iska ta riƙa zurarowa ta gefe tana hura min ido. To me tela ta sani in abu ya yi yawa? Na ɗora igiyoyin da ke ɗaure shi a keke na cinye musu inci biyu-biyu. Bai yi ba, na ƙara ɗaya. Har daɗi na ji wai na yi dabara.

Iskar ta daina fita kam, amma karan hancina ya saluɓe ya zama miki. Cikin hancin kuwa ya bushe ƙamas, in na fyace da safe sai jini. Maigidana, da kyakkyawar niyyarsa, ya kawo man zafi ya ce in shafa a ciki. Hawayen da na yi sai da ya ba ni haƙuri. Na koma basilin, shi ma shiru. Rannan na ce wallahi na gaji, na naɗe tiyon na cusa komai ƙarƙashin gado. Na ce ai ƙibar ta tafi, ciwon ma ya bi ta.

Ashe bai bi ta ba. Mako uku ina gyangyaɗi a kan keke. Ranar wata Talata 'yata ta kawo yarinyar da ta haifa, watanta huɗu. Ina zaune a kujerar shago na rungume ta, ban san lokacin da barci ya sace ni ba. Kukanta ne ya tashe ni, tana ƙasa a kan tarin ƙyallayen da na yanka. Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu. Amma uwar tana bakin ƙofa, ta dawo ɗaukar wayarta da ta manta, a kan idonta aka yi. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗauki 'yarta da jakar kayanta ta fita. Yanzu wurin uwar mijinta take kai ta. Har yau ba ta san na ajiye na'urar ba, ɗauka take tsufa ne.

Na fito da na'urar na sake gwadawa, ko awa ɗaya ban iya ba don zafi. In na sa azaba, in na cire ba barcin kirki. Asibiti kuma kunya nake ji, da wane ido zan nuna musu ɗinkin nan? An yanka min ciki a banza ke nan? Ni dai ban ga mafita ba, na sare.

Tela Mai Gyangyaɗi

*

'Yar'uwa, sannu. Na ji zafin wasiƙarki, amma zan fara da abin da ba za ki so ji ba: 'yarki tana da gaskiya. Ke kuma ba sakaci kika yi ba, ciwo ne ya kayar da ke. Kuskurenki shi ne ajiye na'urar a ɓoye.

Tiyata tana sauƙaƙa wannan cuta ga mutane da yawa, wasu ta rabu da su, wasu tana nan daram. Gwajin barci ne kaɗai zai nuna inda kike. Ki koma asibiti cikin makon nan da na'urar da igiyar yadda kika ɗinke ta, sun ga abin da ya fi wannan. Takunkumi girma-girma ne, a sake auna fuskarki, akwai ma irin da ba ya taɓa karan hanci. Ƙarfin iskar kuma a jikinki na da aka saita shi, mai yiwuwa ya yi miki yawa yanzu. Likita ne zai taɓa wannan, ba ke ba.

Maganar bushewa, ki tambaya game da ɗan tankin ruwan da ke jiƙa iskar, da feshin ruwan gishiri na hanci. Man zafi da basilin ki daina yau. Suna lalata robar takunkumin, kuma ba a son maiƙo ya bi iska zuwa huhu. Mikin da jinin ki nuna su ga likita.

Ba zan yaudare ki ba. Zai yiwu na'urar nan ta zauna da ke har ƙarshen rayuwa. Yardar 'yarki kuma ba ranar da aka canza takunkumi za ta dawo ba. Wataƙila yarinyar nan a wancan gidan za ta fara rarrafe, ke sai dai a ba ki labari. Duk da haka ki je ki faɗa wa 'yarki gaskiya da bakinki, ta san ciwo ne mai magani. Sannan kafin likita ya tabbatar barcinki ya daidaita, kada ki roƙa a bar miki jikar ke kaɗai. Ko uwar ta ji tausayinki ta ce za ta bar miki ita, ke ce za ki ce tukuna.

Allah ya ba ki lafiya da juriya, ya raya mana yarinyar.