Ni na yi jinyar, ƙanwata ta kwashe albarkar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, kishin ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya na neman halaka ni.

A Zangon Wagadugu muke, kitso nake yi. Innarmu ta daɗe da ciwon gaɓoɓi, yatsunta sun kumbura sun lanƙwashe, da safe ko buta ba ta iya ɗauka. Mu dai sanyi muke ce masa. Ni ke gasa mata da ruwan ɗumi, in shafa man kaɗe, in ɗaura mata zane, aurena ma a unguwar na yi don kada in yi nisa. Ita kuwa ƙanwar tawa tana karatun likita, tana zaune unguwar Zogona da ƙawayenta, sai ranar Lahadi ta leƙo a moto, wato babur, tana ƙamshi.

Bara malamanta suka fara bincike kan masu irin ciwon, ta sa Inna ciki. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙashi, aka yi ta tambaya, ko tana shan taba, ko ta daɗe cikin hayaƙin itace, ko akwai mai shi a dangi. Ina tsaye suna ta Faransanci bisa kaina, ita ke amsawa kamar tare muka yi wahalar. Suka ce ba sanyi ba ne, jiki ne ke yaƙar gaɓoɓinsa. Aka ba da magani, kuma wallahi Inna ta ji sauƙi, na yi murna, amma yanzu duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ce Allah ya yi wa likitarta albarka. Ni sai dai a ce in kawo wa baƙi ruwa.

To ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun bayan azumi yatsuna ke sandarewa da safe, sai rana ta ɗaga suke saki, kan da nake gama kitsewa kafin azahar yanzu yana kai ni la'asar. Likitocin sun ce ciwon Inna yana bin jini, 'ya'yan Inna su zo a duba su, in an gano da wuri ana tare shi. Ƙanwata ta ce Yaya ki zo mana, na ce mata lafiyata lau, ta riƙe iyayinta.

Da yatsun nan nake ciyar da yarana. In je in shimfiɗa mata su ta ƙara samun abin yabo a kaina, ko in yi shiru har su lanƙwashe irin na Inna?