Gefen da Yaya Ta Datse

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Gaisuwar ke nan, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba. Tunda kin ga kirana kin kifa waya, ga takarda nan, direban motar kasuwa zai miƙa miki hannu da hannu.

Na je ofishin fasfo. Tun da sassafe nake kan layi har ƙafata ta kumbura, ina ta murna na kusa ganin Inna a asibitin ƙasar wajen da Yaya Dogo ya kai ta. Da layi ya zo kaina, na miƙa takardar haihuwata da kika aiko. Ma'aikacin ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya kira na kusa da shi suka haɗa kai suna dariya. Ya ce, "Baiwar Allah, wane tela ne ya yi miki wannan aikin?"

Yaya, takardar hukuma kika sa wa almakashi? Kin datse gefunan, kin saka ta a leda, kin bi bakin da keken ɗinki har da kalmasa kamar wuyan riga! Lambar rajista a sama take, kin yanke ta. Rabin hatimi ma ya tafi. Ya ce takarda ba lamba, a wurinsu ba a ma haife ni ba.

Yaya Dogo ya kira jiya. Ya ce Inna ta rage cin abinci, sunana kawai take kira. Wallahi ban taɓa jin haushinki irin na yau ba.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, irin wadda ke ba ki iya yi wa na gaba da ke ba. Saƙonki ya iso, na karanta shi a gaban masu jiran ɗinki, na sha kunya.

To, sannu ma'aikaciya. Takardar nan tun kina goyo take hannuna. Da ruwa ya ci ɗakin Inna, wa ya ɗora akwatin takardu a ka ya fita da shi? Da ɓera ya shiga, wa ya kwana yana kwashewa? Lokacin da ake haɗa wa Inna kayan tafiya na fito da takardun gida duka, na tarar taki bakinta ya yi geza, yana marmashewa a hannu. In bar ta ta ƙare? Na daidaita ta kamar yadda zan daidaita kowane yadi. Ƙananan rubutu ne a wurin, ni na ɗauka sunan masu buga takarda ne.

Kina maganar Inna kamar ke kaɗai ta haifa. Ni na yi jinyarta kafin a fita da ita. Ni na yi mata wanka, ni na ɗinka mata rigunan asibiti, har matashin da take sa wuyanta a kai ni na cusa shi da hannuna a satin tafiyar. Ke kina can kina aiko gaisuwa ta waya.

Ki koma ki yi musu bayani da ladabi, in kina da shi.

Wassalam. Allah ya shirye ki.
Yayarki

*

Yaya,

Ina wuni, ya aiki. Na koma, da ladabin da kika ce ba ni da shi. Suka tura ni ofishin rajistar haihuwa in karɓo sabuwa.

Da kin ga ɗakin, da kin yi shiru. Littattafai ne jibge tun daga ƙasa har silin, wasu an ɗaure da igiya, wasu bangonsu ya fita. Matar da ke wurin ba ta da laifi, har kujera ta ba ni. Ta ce in da lamba, yanzu za ta jawo littafin ta rubuta min wata. Ba lamba kuwa, sai an bi shafi-shafi, kuma akwai mutane da yawa a gabana. Na ce mata uwata ce kwance. Ta ce, "Allah ya ba ta lafiya, kowa a nan da tasa."

Ba sabuwar takarda nake roƙonki ba, ba haƙuri nake so ki ba ni ba. Guntun da kika yanke nake so. Na san ki, ba kya zubar da ko tsinken zare. Duk abin da ya faɗo ƙarƙashin teburinki buhu yake shiga. Ki zazzage buhun nan.

Jiya Yaya Dogo ya kara wa Inna waya a kunne. Ta ce, "Auta, kina hanya ne?" Na ce ina hanya. Kin sa na yi wa uwata ƙarya, Yaya. Wannan ba zan manta miki ba.

Sai na ji daga gare ki.
Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Buhun babu komai, tuni na yi matasan kai da ƙyallayen. Na rufe shago, na farke duk na gidan nan. Na bi gidajen da na sayar wa, na karɓo nasu na farke, wata har zagina ta yi a bakin ƙofarta. Tsakar gida ta cika da tsummoki, yara suna tsincewa, maigida ya ce na haukace. Ban gani ba.

Kada ki ƙara rubuto min cewa na sa kin yi ƙarya. Ni ma uwata ce. Ina ci gaba da nema.

Allah ya bar zumunci, ko ba kya so.
Yayarki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Ranar da aka yi zaman gaisuwa kin ƙi kallon inda nake, ban ga laifinki ba.

Yaya Dogo ya aiko da jakarta. Rigunan da na ɗinka suna ciki, da carbinta, da matashin. Ya ce ko sau ɗaya ba ta yarda an cire shi daga ƙarƙashin kanta ba. Yau na farke shi zan wanke rigarsa, na zazzage ƙyallayen da ke ciki.

Ga guntun nan na saka miki a ambulan. Lambar tana nan, ko gogewa ba ta yi ba. Ban taɓa ta da almakashi ba.

Wassalam.
Yayarki