Tabarmar Alhaji Sule

Daren Laraba, Birnin Kudu

Jiya Inna ta zauna a tabarma a rumfar auna hawan jini, gwiwa ta hana ta tashi. Sai da mata biyu suka cicciɓe ta, zani na zamewa, maza na kallo. Ta rantse ba za ta koma ba.

Yau na roƙi kwamitin kula da tsofaffi a sa benci. Shugabanmu Alhaji Sule ya yi dariya: "Malama, iyayenmu da tabarma suka saba. Rage boko."

Madalla. Taro na gaba a makarantarmu za a yi. Zan kulle kujeru kaf, in shimfiɗa tabarma. Alhaji da tumbinsa da ciwon gwiwarsa, zan ga mai ɗaga shi. Zan gayyato Inna ta kalla.